Yadda Ake Ɗaukar Harsunan Silabawa a Matsayin Ƙaramin Fanni a Jami'a

A jami'o'in Amurka da Kanada ɗalibin digirin farko yana da babban fanninsa, wanda a jami'o'i da yawa shi ake rubuta masa a kan kwali, sannan an bar masa ƙofar ɗaukar wani ƙaramin fanni a gefe. Mai karatun injiniya ya haɗa da tarihi, mai karatun tattalin arziki ya haɗa da falsafa, babu mai ce masa don me. Ƙaramin fanni yakan ci darussa biyar zuwa bakwai, wato kiredit (ma'aunin nauyin darussa) 15 zuwa 24 daga cikin wajen 120 da ake nema kafin a gama digiri. Cikin waɗanda yaranmu da ke karatu can ba su cika leƙawa ba har da na harsuna da al'adun Silabawa, wato Rashawa da mutanen Yukiren da Folan da Cek da Sabiya da Bulgeriya da danginsu, jama'ar da ta kai kusan miliyan 300.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne harshen shi ne fannin. Darussan adabi da tarihi da fina-finai suna da daɗi, ana kuma iya cusa su a kowane zango. Harshe kuwa a jere yake, ba a shiga aji na biyu sai an ci na farko. Duk wanda ya makara wajen fara shi, lissafinsa ba zai fita ba.

Fara da zaɓen harshe ɗaya

Harsunan sun kasu gida uku. Na gabas su ne Rashanci da harshen Yukiren da na Belarus. Na yamma su ne na Folan da Cek da Sulobakiya. Na kudu kuma su ne na Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Sulobeniya da Bulgeriya da Masedoniya. Sunan tsohuwar Yugoslabiya ma ma'anarsa ke nan, ƙasar Silabawan kudu. Suna kama da juna ƙwarai, kuma wannan kamar ce ke yaudarar ɗalibi ya ce bari ya ɗanɗana Rashanci shekara guda, ya ɗanɗana na Folan shekara guda. Kada ka yi haka. Za ka gama ba ka iya sayen burodi da ko ɗaya ba. Ka riƙe guda ka yi nisa da shi, na biyu zai zo maka da sauƙi daga baya.

Rashanci shi ne kusan kowane sashen nazarin Silabawa yake da shi daga shekarar farko har ta huɗu. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ana jin sa daga Latbiya har Kazakistan. Idan babban fanninka ya shafi makamashi, tsaro, ma'adinai ko huldar ƙasashe, shi ne zaɓin da ba ya bukatar dogon tunani. Harshen Folan ya fi dacewa da mai hangen Tarayyar Turai. Na Yukiren ya samu karɓuwa sosai a jami'o'i tun daga 2022. Wanda jami'o'i ke haɗawa su koyar a aji ɗaya da sunan Bosniya da Kuroshiya da Sabiya shi ne, a ganina, ya fi sauƙin furuci ga Bahaushe: yadda aka rubuta haka ake karantawa, ga shi cike da kalmomin da suka shigo ta hannun Daular Usmaniyya. Awa a wurinsu *sat* ce, daga Larabcin da ya ba mu sa'a. Bulgeriyanci kuma ya yar da yawancin sauye-sauyen ƙarshen suna da ke wahalar da mutane a sauran, sai dai jami'o'in da ke koyar da shi ƙalilan ne.

Kafin ka yanke shawara, tambayi sashen kai tsaye: wannan harshe shekara nawa kuke koyar da shi, kuma kowace shekara ake buɗe ajin farko? Ƙananan harsuna irin na Cek wani lokaci malami ɗaya ne ke riƙe da su, in ya tafi hutun bincike ajin ya tsaya. Wasu manyan jami'o'in tsakiyar Amurka suna raba irin waɗannan azuzuwa a tsakaninsu ta bidiyo, to ka bincika ko taka tana ciki.

Karanta ƙa'idar, sannan ka yi lissafi daga ƙarshe

Kowace jami'a tana da kundin da ke bayyana sharuɗɗan kowane fanni, yana nan a shafinta na intanet. Abubuwa huɗu za ka nema. Shin azuzuwan harshe na shekarar farko suna shiga lissafin ƙaramin fannin, ko sharaɗin shiga ne kawai? A wurare da yawa ba sa shiga, ke nan darussa shidan da ka gani a takarda takwas ne a zahiri. Sai ka duba darussa nawa ne dole su zama na manyan aji. Sai mafi ƙarancin makin da ake karɓa, wanda yawanci C ne. Na ƙarshe, darasi nawa aka yarda ya yi maka aiki biyu, ya cika sharaɗin karatun gama-gari na jami'a ya kuma cika na ƙaramin fanni. Wannan na ƙarshen shi ne inda ake tsimin kuɗi da lokaci, domin kusan kowace jami'a tana tilasta wa ɗalibi wasu darussan adabi ko tarihi ko ta yaya. Tunda sai ka yi su, ka yi na wannan sashe.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta zangon da kake sa ran gamawa, ka riƙa ja da baya. Digiri zango takwas ne. Idan ana son ka kai harshe shekara ta uku, zango shida ke nan a jere, kuma ajin farko a sassa da dama sai a zangon kaka ake buɗe shi, wajen ƙarshen Agusta. Wanda ya fara a shekararsa ta farko yana da rarar shekara guda. Wanda ya fara a ta biyu ba shi da rarar ko zango ɗaya. Wanda ya farga a ta uku sai ya haɗa da karatun rani, za mu zo kansa.

Je da wannan takarda wurin mai ba ɗalibai shawara na sashen Silabawa, ba na babban fanninka kaɗai ba. Sassan nan ƙanana ne, suna neman ɗalibai ido rufe, saboda haka za ka samu kulawar da ba za ka taɓa samu a ajin mutum ɗari uku ba. A nan ne za ka cike takardar shiga fannin a hukumance. Idan kana da wani abu na harshen a ka, misali ka taɓa zama a Kharkib ko Sumi na Yukiren kafin yaƙi ya tarwatsa ɗalibai a 2022, nemi jarrabawar tantance mataki don kada a mayar da kai ajin koyon haruffa.

Ga mai bizar karatu akwai ƙarin lissafi. Dole ne ya riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango, kuma a jami'o'i da yawa kuɗin makaranta ɗaya ne tsakanin 12 da 18. Ke nan in ka tsara da kyau ƙaramin fanni ba zai ƙara maka ko dala ɗaya ba. In ka tsara da ka, zai iya ƙara maka zango guda cur, kuma mai biya maka kuɗin makaranta ba zai ji daɗin wannan labari ba.

Haruffa, kafin a buɗe makaranta

A shekarar 863 aka aika wasu 'yan'uwa biyu daga Tasalonika, Kiril da Metodiyus, zuwa Morabiya, wajen ƙasashen Cek da Sulobakiya na yau, don su yi wa'azin Kiristanci da harshen mutanen wurin, suka ƙirƙiro haruffa don haka. Almajiransu ne daga baya, a Bulgeriya, suka tsara rubutun da ake kira da sunan Kiril a kan haruffan Girkanci. Shi ya sa har yau rabon yake bin coci: inda Kiristocin Otodoks suka fi yawa da haruffan Kiril ake rubutu, inda Katolika suka fi yawa, kamar Folan da Cek da Kuroshiya, da haruffan boko. Sabiyawa suna amfani da duka biyun.

Haruffan Rashanci 33 ne, kuma mako guda ya isa a san su. Waɗanda ba ka taɓa gani ba, irin Ж da Щ, ba su ne matsala ba. Matsalar tana wurin masu kama da na boko: Р ana karanta shi r, Н shi ne n, В shi ne v, С shi ne s, У kuma u. Ka ga an rubuta РЕСТОРАН a ƙofa, idonka ya ce maka wani abu dabam, alhali *restoran* ne, gidan abinci. Ka koyi rubutun hannu tun a lokacin, domin malamai da shi suke rubutu a allo, kuma a cikinsa harafin т yana komawa kamar m, и yana komawa kamar u. Wanda ya shiga aji ranar farko da wannan a hannu ya huta da makonni biyun da sauran za su yi suna lalube.

Nahawu: inda Bahaushe ya fi abokan ajinsa, da inda zai sha wuya

Abin da ke korar ɗalibai a tsakiyar zangon farko shi ne sauyin ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla. Rashanci yana da hali shida, harsunan Folan da Cek da Yukiren suna da bakwai. Sunan birnin Mosko *Moskva* ne, amma za ni Mosko *v Moskvu*, ina Mosko *v Moskve*, daga Mosko *iz Moskvy*. Ba'amurken da bai san komai ba sai Turanci yakan ga wannan kamar tsafi. Kai kuwa in ka zauna a Islamiyya ka yi nahawun Larabci, i'irabi ne ka riga ka sani: marfu'i da mansubi da majruri, an ƙara musu uku. Hatta rikicin ƙidaya iri ɗaya ne, domin Barashe yana cewa *odin rubl'*, *dva rublya*, *pyat' rublei*, suna yana sauyawa bayan ɗaya, bayan biyu zuwa huɗu, da bayan biyar. Shawarata a nan ita ce kada ka haddace jadawalin ƙarshe-ƙarshe tsurarsa. Ka haddace gajerun jimloli, kowane hali da jimlarsa, ka riƙa sauya sunan da ke ciki.

Na biyu shi ne yadda kusan kowane aikatau yake zuwa biyu-biyu, ɗaya na aikin da ke gudana ko ake maimaitawa, ɗaya na wanda aka kammala. Littattafan koyarwa sukan ɓata shafuka suna bayyana wa mai Turanci wannan. Kai a bakinka yake. *Pit'* da *vypit'* kusan sha da shanye ne, *est'* da *s'est'* ci da cinye, *chitat'* da *prochitat'* karanta da karance. Ba ko'ina suke haɗuwa daidai ba, musamman a umarni da korewa, amma kunnenka ya riga ya san bambancin da ake nufi. Jinsi ma haka: ka saba da cewa kujera mace ce, gida namiji, to ƙarin jinsi na uku ba zai firgita ka ba. Girmamawa da jam'i ita ma tamu ce. Yadda kake ce wa dattijo ku, haka ake ce wa malami *vy*, a bar *ty* ga aboki da yaro. Malamin Rashanci ana kiransa da sunansa haɗe da na mahaifinsa, na Folan kuma ana sa masa *pan*, mace *pani*.

Wuyar tana baki. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali, shi ya sa muka ce burodi muka ce sukurudireba. Harsunan nan kuwa tara su suke yi. Gaisuwar Rashanci ta yau da kullum *zdravstvuite* ce, ƙanƙarar madara a harshen Cek *zmrzlina*, yatsa *prst*. Harshenka zai so ya cusa u ko i a tsakani, sai ka hana shi da gangan. Sannan akwai p da f, da b da v, waɗanda muke haɗawa. A Rashanci *brat'* ɗauka ne, *vrat'* yin ƙarya, ba ka son ka musanya su a gaban mutane. Ka ware minti goma kullum kana naɗar muryarka a waya kana kwatantawa da ta mai harshen. Wurin nauyin murya a kalma shi ma sai an kula: a harshen Cek yana kan gaɓar farko, a na Folan kan ta kusa da ƙarshe, a Rashanci kuwa yawo yake yi, kuma ba a sa masa alama a rubutun yau da kullum. *Múka* azaba ce, *muká* gari. Duk kalmar da ka rubuta a littafinka, sa mata alamar nauyin a take.

Koyon harshe irin wannan kamar hadda yake, wanda ya bar muraja'a kwana uku zai ji ta fara zubewa. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Sassan nan galibi suna da zaman shayi na mako-mako inda ake hira da harshen. Ka je ko da gaisuwa kaɗai za ka iya.

Darussan al'adu da aikin bincike

Yawancin waɗannan da Turanci ake yin su, ana karanta fassara. Ka ɗauki ɗaya mai faɗi wanda zai ba ka taswirar yankin da tarihinsa, sannan ɗaya mai zurfi. Kada duka su zama na Rasha ko da Rashanci kake koyo. Sashen da kansa ya daɗe yana kallon yankin ta tagar Mosko, kuma tun 2022 malamai da yawa suna gyara manhajarsu saboda haka. Ka kuma iya bakinka a aji. Kada ka ce harshen Yukiren karin Rashanci ne, kada ka ce wa ɗan Kuroshiya Sabiyanci yake yi. Akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa a kan irin waɗannan maganganu.

Idan aka zo rubuta takardar bincike, kana da abin da babu wani a ajin da yake da shi. Musulmin Bosniya sun yi ƙarnoni suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, suna kiran rubutun *arebica*, kuma ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg da ke Sarayebo, wanda aka kafa a 1537, cike yake da rubuce-rubucen hannu. Musulmin Tatar da suka zauna a Folan da Lituweniya da Belarus su ma sun rubuta littattafan addini da harshen Belarus da na Folan cikin haruffan Larabci. Wanda ya tashi yana karanta ajami zai gane matsalolin da suka fuskanta wajen ƙirƙiro wa sautukansu haruffa fiye da malaminsa ma. Akwai kuma zamanin yaƙin cacar baka: Jami'ar Patrice Lumumba da aka buɗe a Mosko a 1960 don ɗaliban Afirka da Asiya da Latin Amurka, taron 'yan ba-ruwanmu na Belgired a 1961, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da Tarayyar Sobiyat ta gina, da babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Legas wanda 'yan Bulgeriya suka gina a kan fasalin wani da ke birnin Barna na ƙasarsu. Ko ka juya madubin ka duba yadda su suka karanci Hausa: ƙamusun Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963 ƙarƙashin Dmitri Olderogge, ko aikin Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso a kan rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Karaci da ke Ghana. Har yau ana koyar da Hausa a Warso.

Rani, da fita zuwa inda ake jin harshen

Ga lissafin da ba kowane sashe zai gaya maka ba. Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware wa Rashanci da danginsa mako 44, sama da awa 1,000 a aji, kafin mutum ya iya aiki da shi. Ajin jami'a na awa huɗu a mako, mako 30 a shekara, awa 120 ne. Shekara uku ba ta kai awa 400 ba. Ke nan ƙaramin fanni shi kaɗai zai kai ka inda za ka yi hira ta yau da kullum ka karanta labari da ƙamus a gefe, ba zai wuce nan ba. Mai son ya wuce sai ya sayar da hutun rani ɗaya aƙalla.

Jami'ar Indiyana da ke Bloomington tana gudanar da zaman rani na waɗannan harsuna tun 1950, ta Pittsburgh ma tana da nata, inda ake cinye karatun shekara a wajen mako takwas. A kwalejin Middlebury ɗalibi yana sa hannu cewa ba zai yi magana da wani harshe ba sai wanda ya zo koyo. Kafin ka biya, karɓi amincewar sashenka a rubuce cewa kiredit ɗin zai shiga lissafinka. Ka kuma sani cewa manyan tallafin gwamnatin Amurka na koyon harsuna, FLAS da CLS, ba na ɗalibin waje ba ne: na biyun sai ɗan ƙasa, na farkon sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Kai sai ka nemi na sashen ko na jami'ar. Hukumar NAWA ta Folan tana ɗaukar nauyin ɗaliban waje zuwa kwasa-kwasan rani na harshen Folan, Jami'ar Charles ta Firag kuma tana da tsohuwar makarantar rani ta nazarin Silabawa.

Tun Fabrairun 2022 yawancin jami'o'in Amurka sun daina tura ɗalibai Rasha. Masu Rashanci yanzu suna zuwa Daugavpils a Latbiya, ko Almati, Bishkek, Tibilisi da Yereban. Abokan ajinka masu fasfon Amurka za su shiga Folan ko Cek ko Latbiya babu biza, kai mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ka nemi ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, saboda haka ka fara watanni kafin su fara. Ka tabbata ofishin ɗaliban waje ya sa hannun tafiya a takardarka ta I-20, wadda jami'a ta ba ka don bizar karatu, kuma bizarka ta Amurka tana da sauran rai ranar dawowa. Tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da Telegram na karatu haɗe da aiki a Rasha kuwa, ka nisance su. A 2024 an bayyana yadda aka ɗebi 'yan mata daga ƙasashen Afirka da irin wannan alkawari suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa a Alabuga da ke Tatarstan.

Wanda yake gida Najeriya bai da wannan tsari na ƙaramin fanni yadda yake a Amurka, amma ana koyar da Rashanci a jami'o'in Ibadan da Legas da Nsukka, kuma jerin matakan bai sauya ba.

Shekarar ƙarshe

Ƙaramin fanni a takardar sakamako yake fitowa, a jami'o'i da yawa ba a rubuta shi a kan kwali, kuma izinin aikin bayan karatu da Amurka ke ba ɗalibin waje yana bin babban fanni ne. Mai ɗaukar aiki ba zai san me darussa shida suka bar maka a baki ba, shi ya sa kake bukatar shaidar da ba ta jami'arka ba. Rashanci yana da jarrabawar TRKI mai hawa shida daga A1 zuwa C2, kuma hawan B1 shi ne ake nema don shiga jami'a a Rasha. Folan tana da jarrabawar gwamnati ta harshenta, Jami'ar Charles tana da ta harshen Cek. Ka zauna ɗaya a watannin da suka biyo bayan karatun rani ko dawowa daga waje, lokacin da harshen yake da ɗumi a bakinka.

Zango guda kafin na ƙarshe, koma wurin mai ba da shawara na sashen ku bi sakamakonka darasi-darasi. Kiredit ɗin da aka kawo daga wata makaranta yakan maƙale a ofishin rijistara watanni ba wanda ya lura, darasin da ka ɗauka ya yi aiki biyu kuma wani lokaci kwamfuta ta lissafa shi sau ɗaya. In an gano giɓin a wannan lokaci akwai sauran zango da za a cike shi.